Uwar Mijina da Alkakin da Ba Alkama

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Inna ta riga mu. Uwar mijina ce, kuma ba za ku ji sunanta a bakina ba, don ko tana da rai ban taɓa kama shi ba, balle yanzu da ƙasa ta rufe mata ido.

Da maza suka dawo daga maƙabarta, gidan ya cika har ƙofa. Mutanen garinmu na bakin kogi sun zo, na cikin Diffa da waɗanda ke zaune a rumfunan gudun hijira na bakin kwalta. Kowa da abin da ya tuna. Wata tsohuwa da suka yi 'yanmatanci tare ta riƙe hannuna tana cewa, "Shi ke nan, alkaki ya mutu a Komadugu." Wani dattijo ya aiko daga wajen maza a gaya mana funkason da aka ci ranar aurensa ita ta soya, kuma har yau bai ci kamarsa ba. Maƙwabciyarmu, wadda ta gudo daga tsallaken kogi, ita ma ta shigo. Ta zauna bakin murhu tana hura wuta tana kuka.

Abin da ya fi yawa dai shi ne Allah sarki. Allah sarki, ta mutu a gidan haya. Allah sarki, ba ta koma garinta ba. Allah sarki, mace mai hannu irin nata ta ƙare da jagwalgwala garin shinkafa. Ni dai ina ta amsa gaisuwa. Da Inna za ta ji ana yi mata Allah sarki, da ta tashi ta bi mutane da muciya.

Ranar sadakar uku yayar mijina ta sa aka sauke buhun fulawa a tsakar gida. Ta ce a soya fanke da cincin a raba wa jama'a.

Na ce, "Yaya, fulawa ba ta shiga gidan nan."

Ta ce, "Mai dokar ai ta tafi."

Na ce, "Wadda aka kafa dokar dominta tana nan." Na nuna mata 'yata, tana bakin randa tana wanke kwanukan baƙi.

Yaya ta daɗe tana kallon yarinyar. Sai ta sa aka mayar da buhun gidanta. Waina muka soya, dama ita ce ta sadaka tun kaka da kakanni. Amma tun ranar na gane mutane rabin Inna kawai suke shirin tunawa, rabin da ya fi musu daɗi a baki. Shi ya sa na zauna rubuta ɗaya rabin.

Ni 'yar Damagaram ce, aure ya kai ni bakin kogin Komadugu. Gidan manoman tattasai na tarar, da albasa da shinkafa a fadama. A gefe kuma akwai wata 'yar gona ta alkama, ta Inna ce ita kaɗai, gadon mahaifinta. Da sanyi take bayi, wato ban ruwa, ba ta sayar da ko tiya ɗaya. Ta Sallah ce da biki da suna. Babarbariya ce ta gaske, Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wurinta, har ni amarya. Zan gyara mata Hausar a nan, ta yafe mini. In tana kwaɓa alkaki ba a yi mata magana. In kwaɓin ya ƙi, da Barbarci take zaginsa, zagi mai kyau, har da uwa da uba. Ba ta ɗanɗana abinci a kan wuta, da hanci take sanin gishiri. Tana yawan cewa, "Sallah ba a kasuwa take ba, a murhu take."

Sai yaran daji masu bindiga suka fara tsallako kogi. Aka kashe na kashewa, aka ƙona na ƙonawa, daga baya hukuma ta ce kowa ya tashi daga bakin ruwa. Ranar da muka fito na goya yarinya na ɗauki shimfiɗa. Inna ta bar jeren tasoshinta, tarin shekara da shekaru, ta ɗora ƙullin irin alkama a kai. Na ce mata ko tasa ɗaya ta ɗauka. Ta ce, "Tasa ana saya. Wannan ba a sayarwa."

A Diffa muka sami ɗaki biyu a bakin gari. A lokacin an hana cinikin tattasai, an hana na kifi, an hana babur. Mijina, wanda yake loda buhunan jan tattasai a mota da sunansa, ya koma dako a tasha. Abincinmu ya zama abin da ya fi araha da abin da aka ba mu: burodi da shayi da safe, taliya da rana, fanke in yara sun yi kuka, da garin kunu na agaji.

A nan 'yata ta fara lalacewa. Ba ta kai shiga lakwal, wato makaranta, ba a lokacin. Ciki ya kumbura kamar tulu, ƙafafu suka zama sillen kara, zawo ba ya tsayawa. Gashinta ya yi ja. Yarinyar da ke bin awaki da gudu ta koma sai a ɗauke ta a ajiye. Dama tun a gida, duk bayan Sallah sai ta kwanta, mu ce nama ne ya yi mata yawa. Mun yi rubutu, mun yi saiwa, mun yi hayaƙi. An kwantar da ita asibiti, ta sha madararsu ta ɗan farfaɗo, muka dawo gida ta koma yadda take.

Sai bakin mutane ya fara aiki. Aka ce ba ciwon asibiti ba ne. Aka fara kallon maƙwabciyarmu, baƙuwa ce, ba miji ba dangi, kuma tana yawan ɗaukar yarinyar. Wata rana Yaya ta faɗa a fili, ta ce a daina bari matar nan tana shigowa. Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Matar da aka yanka mijinta a gabanta, ita za ku mayar mayya? Ba ku iya da masu bindiga ba, sai da mai zane ɗaya?" Da yamma ta aika aka kira maƙwabciyar, ta ɗora mata yarinyar a cinya a gaban kowa.

Komawarmu asibiti ta gaba muka dace da wata lokotoro, likita mai haƙuri. Ba ta hanzarta rubuta magani ba. Ta zaunar da mu ta yi ta tambaya: me take ci da safe, me take ci da rana, yaushe cikin yake fi tashi. Ta ce mu cire mata duk abin da aka yi da alkama na ɗan lokaci mu dawo. Muka cire. Zawo ya tsaya. Da muka koma ta yi mana bayani: akwai wani danƙo a cikin alkama, shi ke sa kwaɓi ya miƙe, kuma hanjin wasu mutane ba ya ɗaukarsa, yana cinye su daga ciki. Ta ce ba allura, ba ƙwaya. Maganin kawai kada ta ƙara ci. Ba burodi, ba taliya, ba fulawa, ba sha'ir, ko ɓurɓushi.

Inna ta ce, "Har ranar Sallah?"

Lokotoro ta ce, "Har ranar aurenta, Hajiya. Har ta tsufa."

Muka kama hanyar gida. Ni kuwa ina ta tunanin yadda wannan tsohuwa, wadda duk kwarin kogi ya san ta da alkama, za ta ɗauki maganar cewa abin hannunta ne ke kwantar da jikarta kowace shekara.

Muna shiga ta jawo ƙullin irin daga ƙarƙashin gado ta ajiye a tsakar gida. Ta ce wa mijina ya nemo mai so, a musanya da shinkafa.

Ya ce, "Inna, irin Kaka ne fa. In muka koma me za mu shuka?"

Ta ce, "Don wa ake ajiye iri?"

Ya tsaya yana kallon ƙullin.

Ta ce, "Don jika ake ajiye shi. To ga jikar can kwance."

Ya ce, "A bar shi a ɗakina. Ba wanda ya ce a dafa."

Ta ce, "Abin da ke cikin gida, wata rana sai ya shiga tukunya. Ranar da yunwa ta matsa, ni da kaina zan daka shi. Fitar da shi tun ina da hankalina."

Sun yi kwanaki ba sa magana sai gaisuwa. Ban taɓa ganin mijina ya yi fushi da uwarsa ba sai lokacin, kuma ban ga laifinsa ba. Wannan ƙullin shi kaɗai ya rage mana da ke cewa za mu koma. A ƙarshe shi da kansa ya ɗauka ya kai wa wani manomi da ya sami fili nesa da kogi, ya dawo da shinkafa. Ya ajiye a gabanta ya ce, "Ga shi." Ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Magana ta ƙare.

Ba ta tsaya nan ba. Rariya da ƙwaryar kwaɓi da muciyar da suka taɓa fulawa duk ta bayar. Ta hana kai niƙa inji, don injin unguwa ba abin da ba ya niƙawa. Muka koma turmi, ni da ita, tsohuwa mai ciwon gwiwa tana luguden taɓarya. Dunƙulen miya na kanti ta ce ba ta san me ke ciki ba, a koma daddawa. In aka raba kayan agaji sai ta tsaya a bakin layi ta musanya rabonmu na taliya da gero ko wake, ko da an ƙware ta a mudu.

Na ce mata, "Inna, wahalar ta yi yawa. A dafa mata nata daban, mu mu ci abin da ya samu."

Ta ce, "Kin taɓa ganin yaron da ya warke yana kallon bakin mutane? A gidana tukunya ɗaya ce."

Haka aka yi. Mijina, mai gemu da furfura, ya koma cin burodi a ɓoye a tasha kamar mai shan taba. In ya dawo sai ta tare shi a ƙofa da buta: "Wanke hannu, kurkure baki."

Yarinya ta tashi. Ciki ya saɓe, kumatu suka fito. Ranar da ta fara faɗa da 'yar maƙwabta a kan tsalle-tsalle, Inna ta yi ta dariya har da hawaye.

Sai azumi ya zo ya kusa ƙarewa, magana ta tashi. Yaya ta zo ta ce ta ji duk wannan, amma Sallah daban ce. Gidan da ake aiko wa da kwano daga ƙauyuka don alkaki, a ce bana ba alkaki, ba funkaso, ba dubulan? Mutane za su ce talauci ya gama da mu.

Inna ta ce, "Su ce. Yaran daji sun ƙwace gona, sun ƙwace kogi, sun ƙwace barci. Sallah kam ba wanda zai ƙwace mini, ko su ko alkama. Za a ci alkaki a gidan nan, kuma yarinyar nan ce za ta fara ci."

Funkaso bai ba ta wuya sosai ba. Ta haɗa gero da shinkafa, ta zuba ɗan garin busasshiyar kuɓewa don ya yi yauƙi, ta bar shi ya tashi. Sinasir da nakiya dama na shinkafa ne, ba ruwansu da kowa. Alkaki ne ya ƙi. Tsakin shinkafa ba ya lanƙwasuwa. Ta murza ya karye. Wanda ya yarda ya naɗu, yana shiga mai sai ya watse kamar an tashi kasuwa. Ta ƙara garin rogo, ya fito kamar dutse, mijina ya ce a ajiye a yi jifan kare. Ta sa karkashi, ya yi kore, ba mai iya kallonsa. Mai yana da tsada, amma ba a zubar da komai ba. Duk wanda ya watse sai ta kwashe ta barbaɗa sukari ta ce, "Wannan sunansa dambu, ku ci." Mun ci dambun nan a buɗa-baki har ya fita ranmu. Zagin Barbarci kuwa na koyi wanda ban taɓa ji ba.

Wata Bafulatana mai kawo mana nono daga wajen garin Maine ce ta shigo wata rana tana tauna ƙaro. Inna ta dube ta, ta dubi kwaɓin, ta ce, "Ba ni wannan." Ta jiƙa ƙaron ya narke, ta tace, ta kwaɓa tsakin shinkafa da shi da ɗan garin rogo da nono mai tsami. Ta murza tsakanin tafukanta. Ya miƙe. Ta lanƙwasa shi, ya tsaya. Ba ta yi murna ba, ta rufe ƙwaryar kawai ta ce wa Bafulatanar ta kawo mata dabino in za ta dawo.

Safiyar Sallah, maza sun tafi idi, ta ɗora kasko. Mai ya fara ƙara ke nan sai muka ji harbi daga wajen kogi, ba kusa ba, amma ba nesa ba. Unguwa ta rikice. Mata na kiran yara, ana rufe ƙofofi. Na suri 'yata na ce, "Inna, sauke, mu shiga ɗaki."

Ta ce, "Shiga da ita."

"Ke fa?"

"Man nan ya yi zafi. Ba zan sauke shi ba don wani ɗa da bai san darajar uwarsa ba."

Ina leƙe ta kafar ƙofa. Tana zaune kan kujerarta, tana jefa alkaki ɗaya bayan ɗaya. Maƙwabciyarmu ta fito daga ɗakinta da rarrafe, ta zo ta zauna kusa da ita tana tsamewa tana tsomawa a ruwan dabino. Har harbin ya lafa ba su ɗaga kai ba. Da maza suka dawo lafiya, suka tarar da faranti cike.

Inna ta kira yarinyar ta zaunar da ita a tsakiyar tabarma, ta miƙa mata na farko. Yarinyar ta dube ni, don ta saba a ce mata kar ki taɓa. Ta ce, "Kaka, nawa ne?"

Inna ta ce, "Duka naki ne. Mu ne za mu roƙe ki."

Ba zan yi ƙarya don ta mutu ba: bai kai na alkama ba. Ya fi tauri, kuma in ya kwana sai a haɗa da shayi. Yaya ta ci ta ce, "To, ba laifi, amma ba na da ba ne." Inna ta ce, "Mai son na da ya je ya ƙwato mana garin da." Shekara ta zagayo ya fi kyau, ta bayanta ma ya fi. Amma a ranar farkon nan yarinyar ta ci har ta ƙoshi, kuma washegari ta tashi ta tafi wasa. Sallar farko ke nan a rayuwarta da ba ta kwanta ba.

Sauran rigimar ta kwanukan maƙwabta ce. Kowa ya san yadda ake: ka aika, a aiko maka. Kwanuka suka yi ta shigowa da cincin da taliya. Inna ba ta mayar da kwanon kowa ba, kuma ba ta bari an buɗe a gidan ba. A ƙofa take karɓa ta yi godiya, ta juye wa mutanen rumfunan bakin kwalta. Bayan Sallah ta ɗauki sandarta ta bi gida gida ta faɗa musu gaskiya: jikarta ba ta cin alkama, kada wanda ya ba ta ko da ta roƙa. Wasu sun yi dariya, suka ce ciwon masu kuɗi ya sauka gidan 'yan gudun hijira. Ta ce, "Ciwo bai tambayi aljihunmu ba." In yarinyar za ta yawon Sallah sai ta ɗaura mata ƙunshin nakiya da alkaki a gefen zane, don kada ta miƙa hannu a gidan kowa. Sannu a hankali kwanukan da ke zuwa gidanmu suka canza. Wannan ta aiko sinasir, waccan dambun shinkafa, a ce, "Na yarinya ne, a tukunya mai tsabta aka yi." Har wata mata daga wata unguwa ta zo da ɗanta mai kumburin ciki tana tambaya. Inna ta ce ta fara kai shi asibiti, ba kowane kumburi ne alkama ba, in sun ce ita ce ta dawo ta koya mata. Ta dawo kuwa.

Ciwon ajalinta bai daɗe ba. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi gajere, abinci ya ƙi shiga. A asibiti suka ce a mayar da ita gida, a ba ta duk abin da ranta ke so. Wata rana da hantsi mijina ya durƙusa gefen gadonta ya ce, "Inna, me kike marmari?"

Ta rufe ido. Sannan ta ce, "Funkason alkama. Mai zafi, da miyar taushe. Tun ranar da muka dawo daga wajen lokotoron nan ban yi kwana ɗaya ban yi marmarinsa ba."

Na ji kamar an doke ni. Shekarun nan duka ina gefenta a murhu, ban taɓa jin ta faɗa ba. Na ɗauka ta manta da shi.

Mijina ya miƙe yana neman takalmi. Ya ce yanzu zai sa a yi a gidan Yaya, a kawo a rufe, ta ci a ɗaki, yarinya ba za ta ko gani ba.

Ta ce, "Zauna."

"Inna, sau ɗaya ne."

"Ka tambaye ni abin da nake marmari, na faɗa maka. Ban ce a kawo ba." Ta juyo da kai wajena. "Kira mini yarinyar. Ta dama kunun gero, ta zo mu sha tare."

Tare suka sha, ludayi ɗaya, ita kurɓa ɗaya yarinyar kurɓa ɗaya. Shi ne abin da ya shiga cikinta na ƙarshe.

Allah, ga baiwarka nan ta zo maka da hannu mai tabon mai. Ka yafe mata, ka yalwata mata makwanci, ka ciyar da ita abin da ta hana kanta. Mu da muka rage ka ba mu rabin taurin kanta.